Waɗanda suka taɓa gwada sassaƙe a jikin fararen ɓeraye, me kuka gani?

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, kuma an amince min in yi aiki a kan ɓawon hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, a kimiyyance Boswellia dalzielii. A wajenmu dafa shi ake yi a sha don ciwon gaɓɓai da zazzaɓi. Na kai reshe ɗakin adana tsirrai an tantance shi an ba ni lamba, ɓawon ya bushe a inuwa, an daka. Saura shiga ɗakin dabbobi, in gwada ko yana rage zafin ciwo da kumburi a jikin ɓeraye. Hanyoyin gwajin na karanta su. Abin da nake nema a wajenku shi ne abin da idonku ya gani.

Ma'aikacin ɗakin dabbobi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a wannan aiki, ɗalibai da yawa sun bi ta hannuna. Farko dai, ɓerayen da aka ɗauko a mota daga wani gari kada ki taɓa su sai sun yi mako ɗaya ko biyu suna ci suna sha a wurin. Firgici kansa yana dushe jin zafi a jikin ɓera, sai ki ɗauka hano ne ya yi aiki.

Gwajin murɗawar ciki shi ɗalibai suka fi so don ba shi da tsada. Ana yi wa ƙaramin ɓera allurar asetik asid mai ƙarfin 0.6% a ciki, bayan 'yan mintuna sai ya riƙa miƙewa, yana manna cikinsa da ƙasa yana jan ƙafafun baya, ke kuma kina ƙirgawa. To a nan gizo ke saƙa. Wata miƙewar rabi ce, kuma na sha ganin ɗalibi yana ƙirga rabin idan ɓeran na rukunin da aka ba ruwa kawai ne, yana tsallake ta idan na rukunin maganinsa ne, ba tare da ya san yana yi ba. Ki sa wani ya yi wa kejin alama, mai ƙirga kada ya san wane ɓera ya sha me.

Farantin zafi kuma, wanda ake ɗora ɓera a kai a ga daɗewar da zai yi kafin ya nuna ya ji zafi, a digiri 55 ake tsayar da shi. Idan wuta na rawa, a dakata. Ɓeran da ya kai daƙiƙa 30 bai lashi ƙafa ba, bai yi tsalle ba, a ɗauke shi, kada tafinsa ya ƙone.

Malamin ilmin magunguna:
Malam ya yi gaskiya. Ni dai gwajin murɗawar ciki shi kaɗai ba ya gamsar da ni, domin kusan duk abin da ke kashe jiki ko ya sa gyangyaɗi yana rage ƙirgar. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da lambobinsa suka kusa kamo na mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Da muka leƙa kejin, ɓerayen a kwance suke luɓus. Aka ɗora su a kan sandar gwajin tafiya, suka riƙa zamewa. Ganyen nan barci yake sawa, kuma wannan ma sakamako ne mai daraja, amma ba shi aka fito nema ba.

Shi ya sa nake son gwajin fomalin. Allurar ɗan ɗigon sinadarin fomalin ce a tafin ƙafa, zafin kuma zuwa biyu yake yi: na farko a mintuna 5 na farko, daga jijiya kai tsaye, na biyu daga minti 15 zuwa 30, na kumburi. Mofin yana danne duka biyun, dangin asfirin kuwa na biyun suka fi taɓawa. Daga nan za ki fara gane ta wace hanya hano ke bi. In kin sami nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin, ki ba wani rukuni kafin maganin. Idan aikin ya ɓace, hanyar mofin ya bi.

Babban abin da ke damuna shi ne wannan. Mutanenmu dafa ɓawo suke yi da ruwa su sha. Mu kuma mu jiƙa shi a sinadarin metanol, mu busar, mu yi wa ɓera allura a ciki, sannan mu rubuta cewa mun tabbatar da amfanin gargajiya. Wane amfanin? Ɓawon itatuwa irin su marke da bagaruwa cike yake da sinadarin tanin, wanda saboda shi majema ke jima da bagaruwa. Abin da zai yi idan aka zuba shi cikin kogon ciki daban, abin da zai yi idan ya bi ta baki da hanji da hanta daban. Ki ba su ta baki, 'yata.

Jikar mai magani:
Dakta, Allah ya saka da alheri, wannan maganar ita na zo yi. Kakana mai sassaƙe ne, a gabansa na tashi, kuma da zan yi nawa aikin a kan maɗaci wajensa na fara zuwa. Bai fara da sunan itace ba. Tambayata ya yi ciwon wane iri ne, na sanyi ko na buguwa, sabo ko tsoho. Sannan ya nuna min gefen da yake sassaƙa, da yawan ruwan, da lokacin da yake jefa jar kanwa. Ya kuma ja min kunne a kan saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, ya ce wanda ya zarce awo da ita kashe shi take yi. Da na duba littattafai, haka ɗin ne, gubarta sananniya ce.

Na yi biyu, dafaffen ruwa irin nasa da jiƙon metanol, duka ta baki. Na metanol ya fi saurin sauke kumburin ƙafa, amma nasa ma ya sauke. Na koma na yi masa bayani da Hausa. Ya ce masu littafi da biro sun sha zuwa, ni ce ta farko da ta dawo. Don Allah 'yar uwa ki koma wa wanda ya nuna miki hano. Kuma a sassaƙa gefe ɗaya, kada a zagaye gindin, itacen mutuwa yake yi.

Likitan dabbobi:
Ni ta ɓangaren ɓerayen zan yi magana, domin da gangan muke sa musu ciwo. Kada a fara sai kwamitin kula da dabbobin gwaji na jami'a ya ba da izini a rubuce. Tun 1959 masana biyu, Russell da Burch, suka kafa ƙa'ida uku: a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Gwajin guba irin wanda masani Lorke ya tsara a 1983 da ɓeraye 12 ko 13 ake gama shi, ba dalilin salwantar da hamsin. Addininmu ma ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wajen yanka. Gwajin da aka yi da sakaci har ya zama sai an sake, zalunci ne a kansu.

Sannan jikin wata halitta ba na wata ba ne. Farasitamol da muke sha kullum kyanwa yana kashe ta. Kumburin karajinan, sinadarin da ake yi wa ɓera allurarsa a tafin ƙafa don ta kumbura, na 'yan awanni ne, amosanin gaɓɓan tsohuwa kuwa na shekaru ne. Raina yana ɓaci idan na ji mai lasifika a kasuwa yana cewa an gwada maganinsa a jami'a. Ko lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya, shaida ce ta cewa an duba lafiyar shansa, ba shaidar yana warkarwa ba. Niprisan, maganin sikila da NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta Abuja, ta haɗa daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, sai da aka gwada shi a jikin masu ciwon. Ɓera matakin farko ne kawai.

Ɗalibar harhaɗa magunguna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilmi. Zan ƙara dafaffen ruwa a tsarin, kuma ta baki. Tambaya ɗaya, Malam: karajinan yana wuyar samu a nan, an ce in yi da farin ƙwai. Daidai ne?

Ma'aikacin ɗakin dabbobi:
Ana yi, mun sha yi, amma kumburinsa da wuri yake tashi ya fara sauka, don haka ba za ki ga matakin baya na kumburin sosai ba, wanda a nan ne magungunan kumburi dangin diklofenak ke nuna ƙarfinsu. In da hali ku haɗa kuɗi da abokan karatunki ku saya, ɗan kaɗan yana isar mutane da yawa, tunda 0.1 ml na 1% ake sa wa kowace ƙafa. Ki auna kaurin tafin kafin allura, sannan kowace awa har awa 5, a wuri ɗaya, kuma mutum ɗaya ya riƙe ma'aunin daga farko har ƙarshe.