Bakina ya mutu a addu'a: haƙuri ne ko na fid da rai?

Mai Jiran Ubangiji:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Bana shekararmu 7 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta roƙe-roƙena, in Ubangiji ya amsa sai in ja layi in sa kwanan wata. Aikin maigidana, jinyar mahaifiyata, duk na ja musu layi. Roƙon da ke shafin farko ne har yau yake nan yadda na rubuta shi, tawadar ma ta fara koɗewa.

Da nakan tashi ƙarfe huɗu na asuba in durƙusa, in yi kuka, in haɗa da azumi. Amma wata uku ke nan, da na iso kan wannan batu sai bakina ya mutu. A coci ana ta yaba mini wai na iya haƙuri, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, kada ya zama rai na fid ban sani ba. Don Allah yaya mutum zai bambance?

Kakar Yara:
Sannu 'yata, sannu. Ni shekara 9 na yi kafin na rungumi ɗan fari, na san wannan shirun ciki da bai. Ki tuna Hannatu da ke roƙon haihuwa a 1 Sama'ila sura 1: leɓunanta na motsi, murya ba ta fita, har Eli firist ya zaci ta bugu. Allah kuwa ya ji ta sarai. Romawa 8:26 ma ta ce Ruhu da kansa yake roƙo dominmu sa'ad da kalmomi suka ƙare mana.

Ki tambayi kanki abu ɗaya: har yanzu kina zuwa gabansa? Wadda ta fid da rai ba ta durƙusawa, ba ta ma damu ta yi tambayar da kika yi. Lokacin da nawa bakin ya mutu, Zabura 13 nake buɗewa in ɗora a cinya. Sau huɗu Dawuda ya ce “har yaushe” a ayoyi biyu na farko. Na ari bakinsa na yi wata da watanni, ban iya ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Malamin Lahadi:
'Yar'uwa, Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. A tsakani gajiya ta sa shi da Saratu suka nemi tasu dabarar, Hajaratu ta haifi Isma'ilu yana da shekara 86, gidan kuma ya shiga rikici. Dubi Zakariya a Luka 1:13. Mala'ika ya ce masa an ji addu'arsa, alhali tsufa ya riga ya kama shi da Alisabatu, shi kansa bai gaskata ba. Addu'ar da kika yi ƙarfe huɗu na asuba ba ta zube ƙasa ba.

Wani Ɗan'uwa:
Malam, a gafarce ni, amma kada mu yi mata alkawarin da Allah bai yi ba. Ibrahim da bakin Allah aka ce masa zai sami ɗa. Ni da matata shekara 16, ba mu samu ba, kuma ba rashin bangaskiya ba ne, ko da yake an sha faɗa mana haka a fuska, abin da ya fi rashin kansa ciwo. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Yesu ma a Getsamani ya roƙi ƙoƙon wahala ya wuce shi, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba.

'Yar'uwa, ki ci gaba da roƙo, mu ma ba mu daina ba. Ku je ku ga likita ku biyu, jira ba naɗe hannu ba ne. Kuma ki faɗa wa maigidanki abin da kika faɗa mana. Ni na yi shekaru ina ɓoye wa matata hawayena, ashe ita ma nata take ɓoye mini.

Mai Jiran Ubangiji:
Mama, Malam, Yaya, na gode, Ubangiji ya sāka muku. Yaya, maganarka ta sa ni kuka, amma ita na fi bukata. Daren jiya na nuna wa maigidana littafin. Ya daɗe yana kallon shafin farko, sannan ya ce shi ma tun bara ya kasa ambaton batun a addu'a, yana jin kunyar gaya mini. Muka durƙusa a bakin gado, ya karanta Zabura 13 har ƙarshe, muryarsa na rawa. Ran Litinin za mu je asibiti tare. Ku riƙa tunawa da mu a addu'a.