Shawarar da majalisarmu ta ba ƙanina kan igiyar teku

Ƙanina ya samu aiki a jirgin ruwan dakon kaya daga Legas, sai majalisarmu ta Fagge ta raba dare kan zancen teku. Yawancinmu dam ɗin Tiga ne iyakar saninmu, don haka wani dattijo da ya daɗe yana aikin jirgi ya riƙe hirar.

Ya ce abin tsoro lokacin mahaukaciyar guguwa shi ne igiya ɗaya da ke tasowa ba sallama, ta ninka na kusa da ita tsayi. Ranar 1 ga Janairun 1995 na'ura ta auna irinta a Draupner, wani dandalin aikin gas da aka kafa a cikin teku, gefen Norwe: kusan mita 26, wajen bene hawa takwas.

"Yaro," in ji shi, yana juya kofin shayi, "kada ka leƙa waje don iska ta ɗan lafa. Igiyoyi haɗuwa suke yi, su hau kan juna." Ya ce kyaftin da goshin jirgi yake tarar igiya, don in ta daki gefe ana iya kifewa. Saura kuwa sananne ne: rigar ceto a jiki, a ɗaure kaya tam, a kulle ƙofofi.

Wani ya kawo maganar laya. Dattijon murmushi kawai ya yi.