Wuta na raguwa a tsohuwar Corolla duk da sabon batir

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu sanin lantarkin mota, domin matsalar nan ta kai wata biyu tana wahalar da ni a Maradi.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 1998. Idan na kunna fitilun gaba da daddare, haskensu yakan yi ja kamar na aci-balbal, sai na taka totur ya ɗan ƙaru, na saki ya sake dushewa. Ranar da na dawo daga Tasawa, da na kashe ta a ƙofar gida ta ƙi tashi, sai da yara suka tura.

Na sayi sabon batir, na sa an ɗaure bel ɗin dinamo, wato na'urar da ke yi wa batir caji, na kankare farin garin da ya taru a kawunan batirin, kuma mai gyara ya sauya gawayin dinamo. Duk da haka, idan injin yana aiki, ma'aunin wutar lantarki yana nuna volt 14.1 a bakin dinamo, amma 12.9 kawai a kan batirin, kuma da zarar na kunna fitilu da fanka sai ya sauka zuwa 12.2, alhali ya kamata ya tsaya kusa da 14. Mai gyaran ya ce in sayi wani dinamo, ni kuwa ban gamsu ba, tunda shi dinamon yana ba da wuta daidai.

Ta yaya zan gwada da ma'aunin in gane ko wutar tana ɓacewa ne a babbar wayar da ta taso daga dinamo, ko a wayar da ta haɗa injin da jikin mota? Na gode.