Taƙaitawar tattaunawarmu kan koyar da insha'i ga ɗaliban NCE (masu karatun zama malamai a kwalejin ilimi)

Jama'a, ga abin da na iya tattarowa. Idan na tsallake maganar wani, a yi min afuwa.

1. Kusan kowa ya yarda daga sakandare matsalar rashin iya rubuta insha'i take tasowa. Yaro ya haddace zubin wasiƙa don WAEC ko NECO, ya zo kwaleji bai iya gina sakin layi ɗaya ba.

2. Ƙa'idojin rubutu, nan aka fi daɗewa. "Yazo" maimakon "ya zo", "shine" maimakon "shi ne", ga ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ da ake zubarwa, har "ƙafa" ta koma "kafa". Da yawa sun ba da shawarar shifta ta minti goma a farkon kowace lacca. Wasu suka ce wannan aikin firamare ne. Ni dai ina bayan shiftar.

3. Jan biro ya raba kawuna. Wasu sun ce a gyara kowane kuskure. Wasu suka ce takardar da ta yi jawur, ɗalibi ninke ta yake yi ya cusa a jaka ko dubawa babu, gara a zaɓi kuskure biyu ko uku a sa shi ya sake rubutawa.

4. Aji mai cunkoso: ɗalibai su yi musayar takardu, kowa ya duba ta ɗan'uwansa.

5. ChatGPT, manhajar da ke iya yi wa ɗalibai rubutu: mafi rinjaye sun ce a yi rubutun farko a aji, da hannu, a gaban malami. 'Yan kaɗan suka ce hanawa ba za ta yiwu ba, a koya musu gane Hausarsa mai warin fassara.