Na taimaki maƙwabciyata Kirista, Yayana ya ce na yi kuskure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci.

A Kaduna nake, gidan haya. Ɗakin da ke kallon nawa na wata 'yar ƙabilar Ibo ne, Kirista, tana toya ƙosai a bakin titi. Ɗanta mai shekara shida sikila ne. Makon jiya ciwon ya tashi da tsakar dare, ina jin kukansa ta bango yana cewa ƙafata, ƙafata. Da asuba a asibiti aka ce sai an ƙara masa jini, ita kuma ba ko sisi. Ban daɗe da ɗaukar adashe ba, sai na ƙirgo dubu 30 na damƙa mata.

Da Yayana ya ji, ya kira ni ya yi ta faɗa. Ya ce ga marayun ƙaninmu ba a biya musu kuɗin makaranta ba, na kwashi kuɗi na ba wadda ba addininmu ɗaya ba, wai ko lada babu. Shin na yi laifi?

Wani malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika bayar ba zakka ba ce, sadaka ce, ita kuma malamai sun halatta ba wanda ba Musulmi ba. Ki duba Suratul Mumtahana aya ta 8: Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta mushrika, ya ce ta sada zumunci da ita. Bukhari ya ruwaito wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. To ina ga ɗan Adam, maƙwabci, yaro ƙarami?

Wata uwa daga Kano:
'Yata, Yayanki bai yi daidai ba a maganar lada, amma kada ki watsar da sauran zancensa. Marayun nan jininki ne, sadaka gare su lada biyu ce. Ki kira shi ki tambayi nawa ne kuɗin makarantar. Wataƙila nauyin ya yi masa yawa shi kaɗai, shi ya sa ya huce a kanki.

Wani ɗan uwa daga Filato:
Anti, mu nan mun ga abin da ya fi haka. A watan Yunin 2018, a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban masu bindiga ya hana su shiga. Ransa ya sa a kai, ba kuɗi ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, na bi maganarki, na kira Yaya. Dubu 45 ne kuɗin, mun yi rabi da rabi. Yaron ma an sallamo shi jiya. Da safe na gan shi zaune a bakin ƙofa yana shan koko, uwar ta aiko shi da ƙosai a leda.