Bikin ƙanwata a Jos cikin Disamba, ya zan tsara ranar hotuna su fito da kyau?

Yayar Amarya: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema. Bikin ƙanwata ne ƙarshen Disamba in sha Allah nan Jos, kuma Mama ta ɗora min duk tsare-tsaren a kai. Ni hoto ne damuwata wallahi, don nawa bikin shekara huɗu kenan amma har yau in na buɗe albom ɗin sai raina ya ɓaci, rabin hotunan duhu, sauran kuma fuskata ta yi fari fat ba kalar wuyana ba. Bana so hakan ta same ta. Ga yadda muka tsara: Alhamis lalle, Juma'a kamu, Asabar ɗaurin aure sha ɗaya na safe a babban masallaci, walima a gida Anguwan Rogo, dina bakwai na dare a wani hol wajen Rayfield, daga nan a kai amarya Bukuru. Wane mai hoto kuka sani mai kamara mai kyau?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Amma 'yar uwa duk a rana ɗaya? Anguwan Rogo, Rayfield, Bukuru, ga cunkoson Bauchi Road da Terminus ranar Asabar ɗin Disamba da kowa ke biki

Mai Hoto na Dilimi: Hajiya Allah ya sa albarka. Sana'ata ce wannan, kuma ba talla na zo yi ba, ranar ma ina da aiki. Gaskiyar magana kamara ba ita ce matsalarki ba, lokaci ne. Na duba tsarin nan naki sama da ƙasa ban ga inda aka ware wa amarya da ango ko minti talatin ba, kuma duk lokutan da kika ambata ko dai tsakar rana ne ko dare. A Disamba nan Jos rana na faɗuwa shida da 'yan mintuna, amma saboda hazo tun wajen biyar da rabi take shigewa cikin ƙura hasken ya mutu. To hasken da muke nema yana tsakanin bayan La'asar zuwa biyar da rabi, kamar awa ɗaya da rabi kenan, lokacin rana ta yi ƙasa tana bugowa daga gefe, fata ta yi kyau, zinari da duwatsun leshi su ɗauki ido, ba wanda ke runtse ido. Ki ɗauki biro ki fara rubuta huɗu da kwata zuwa biyar da rabi hoton amarya da ango, sai ki dinga ja da baya: ƙarfe nawa za a bar gida, ƙarfe nawa za a gama ɗaurin kallabi, ƙarfe nawa mai kwalliya za ta fara. Daga nan ake gina ranar, ba daga dina ba.

Yayar Amarya: Ikon Allah, ni duk tunanina a dina za a yi hotunan. To Malam mai kwalliyar ta ce ƙarfe huɗu za ta zo

Mai Hoto na Dilimi: In ta zo huɗu an rasa hasken kenan gaba ɗaya. Ki ce mata ɗaya da rabi, amarya ta yi Azahar ta ci abinci ta zauna. Kwalliyar amarya da ɗauri da saka kaya yana cin awa biyu ko fiye, kuma kar a bari ƙawaye su shiga layi gaban amarya, su nemi tasu mai kwalliyar daban.

Anti Mai Kwalliya: Ya faɗi gaskiya, mu ma mun fi son a ba mu lokaci. Sannan batun farar fuskar da kika ce, hoda ce. Akwai farar hodar da ake dannewa da ita ƙarƙashin ido, a ido ba ka ganin komai amma fulas na bugawa sai ta dawo da hasken, fuska ta yi fari wuya baƙi. Maganinsa sauƙi gare shi, ku je gwaji sati biyu kafin biki, a yi kwalliyar, ki kashe fitilar ɗaki ki ɗauke ta da fulas ɗin waya, in ta yi fari a canza hoda tun lokacin. Kuma dan Allah hunturu ne, ta dinga shan ruwa tana shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe tun yanzu, leɓe in ya tsage ba jambakin da ke zama a kansa. Kar ta gwada sabon mai ko sabon haɗin dilka a satin biki, na ga amaryar da ƙuraje suka feso wa ana gobe kamu

Maman 'Yan Biyu: Har baƙin lalle ma a gwada ɗan kaɗan a hannu tukun, wasu rinin da ake zubawa a ciki yana ƙona musu fata. Jan lalle kam Alhamis ya yi daidai, kafin Asabar ya nuna sosai

Kawun Ango: Ina da magana a nan. Mu a gidanmu ango baya zama da amarya a waje ana ɗaukar hoto kafin a kai ta ɗakinta, ko an ɗaura. Iyaye ba za su yarda ba, kuma ba kowane gida ne ke yin dina ba ma. Kar a tsara abin da zai kawo ɓacin rai tsakanin dangi saboda hoto.

Mai Hoto na Dilimi: Haka ne Alhaji, kowane gida da al'adarsa kuma ita ce gaba. Irin wannan sai a raba, ranar Asabar da yamma a ɗauki amarya ita kaɗai da 'yan uwanta mata a tsakar gida, ango da abokansa daban, nasu na tare kuma a bari sai bayan buɗar kai, Lahadi ko Litinin da yamma su sake saka kayan. Wallahi waɗannan ma sun fi fitowa da kyau don hankalinsu a kwance yake ba mai kiran waya.

Yayar Amarya: Kawu na gode da tunatarwa, mu namu sun amince tunda an ɗaura, amma zan sake tambayar ɓangaren ango kafin na rubuta komai. To wuri fa? Ita dutse take so, ta ce ba za a yi bikinta a Jos ba a ga dutse ba

Ɗan Rikkos: Shere Hills mana, ko Riyom, ko Assop Falls

Amaryar Bara: A'a dan Allah ba ranar biki ba. Assop yana can Hawan Kibo hanyar Abuja, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye yammacin, Riyom ma fita gari ne. Shere kuma da doguwar riga mai jela da takalmi mai tsini? Waɗannan na kafin biki ne ko bayansa. Tunda hol ɗinku Rayfield yake ku tsaya bakin ruwan Rayfield ɗin, tsohon ramin haƙar kuza ne ya zama tafki, da yamma ruwan na ɗaukar kalar sama, kuna gamawa minti kaɗan kun isa hol. Kuma Jos ai ba a neman dutse, ko ta ina ka juya akwai shi. Abu ɗaya, da hazo duwatsun nesa ɓacewa suke a hoto sai fari kawai, a tsaya kusa da dutsen

Malamar Makaranta: Ni kuma in kayan gargajiya ne, alkyabba ko lifaya ko saƙi na kamu, ku leƙa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952. A gefensa akwai wurin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ginin ƙasa, jan bangon nan da farar alkyabba abin sai wanda ya gani. Amma ku je da ƙafarku sati ɗaya kafin nan ku ga halin da ginin yake ciki don ruwan sama na cin ginin ƙasa, ku tambayi kuɗin shiga da na ɗaukar hoto da lokacin tashi, kar ku zo da amarya a tsaya ciniki a bakin get

Ɗan Rikkos: A sa jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ma, yana ƙara armashi

Mai Hoto na Dilimi: A yi hattara da shi wajen Rayfield, gidan gwamnati na nan Little Rayfield, kuma tashinsa na buƙatar izini. Haka wajen barikin Rukuba ko filin jirgi na Heipang, kar ma a fara. Batun ɗaurin aure kuma, sha ɗaya zuwa sha biyu rana na tsakar ka, farar shadda sai ta ƙone a hoto ba a ganin aikin wuya, idanu su yi rami. A ja ango da waliyyai zuwa inuwar gini su fuskanci fili, minti goma ya isa, kafin jama'a su rufe shi da gaisuwa. Babbar rigar kuma a riƙe ta a hanga sai an sauka mota a saka.

Hajiya Uwar Biki: Duk kun yi maganar haske da wuri, ni bari na faɗi wadda ta fi ci min rai. Bikin 'yata ta fari mun yi hoto ya fi ɗari biyar, ƙawaye, 'yan anko, abokan ango, har masu rabon abinci sun fito. Mahaifiyata tana ɗaki a zaune tun safe da sabuwar atamfarta tana jira a kira ta, ƙafa ta hana ta fitowa cikin taro, kowa na cewa bari a gama wannan bari a gama wancan, har aka fita da amarya. Watanni kaɗan bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Yarinyar nan da hannunta ta raine ta, amma babu hoto ko ɗaya na su biyun ranar aurenta. Mai hoton bai san ta ba, ina zai san akwai wata tsohuwa a ƙuryar ɗaki? Don haka ki zauna ke da Mama ku rubuta sunaye a takarda, kaka da kakan da suka rage, Baba, Mama, gwaggo, inna, wadda ta yi riƙo, a fara da tsofaffi a bi su har inda suke zaune, kafin a fita ko'ina kuma kafin kuka ya ɓata kwalliya. Sannan ki samu mutum ɗaya mai baki daga gidanku, ɗaya daga gidan ango, wanda ya san kowa, su riƙe takardar suna kira. Ke ba za ki iya ba ranar, ko ruwa ba za ki samu sha ba.

Yayar Amarya: Allahu akbar, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa Aljanna ce makoma. Mama kin taɓa min zuciya, ni ma ba ni da ko ɗaya da Baba a nawa. Kakarmu na nan da rai a Gangare, da ita za a fara in sha Allah

Amaryar Bara: Amin ya Allah. Ƙarin abu kan dina, ki je hol ɗin da dare kafin ranar ki ce su kunna fitilun. Masu ado na son shuɗi da shunayya, a ido gwanin sha'awa amma a hoto fatar mutum sai ta koma wata kala, ki ce kujerar amarya da ango farin haske zalla. Injin hayaƙin nan da turaren wuta in sun yi yawa fulas na kama hayaƙin hoto ya yi dishi-dishi. Ki tambayi janareta ma. Kuma MC ya roƙi mutane su zauna lokacin shigowa, nawa shigowar duk bayan kawunan mutane ne da wayoyi a sama

Kawun Ango: Liƙi ma ya rufe su. A ajiye kwando ko a ba da a ambulan, dama dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, ga bidiyo kuma yana yawo.

Malamar Makaranta: Kar ki manta sanyi, daren Disamba a Jos ba wasa ba, ta tanadi mayafi mai kauri da ya shiga da kayan, in ba haka ba a hotunan kai amarya za ki ganta cikin rigar sanyin wani. Ranar lalle da kamu kuma tunda mata ne zalla wasu ba lulluɓi, ki nemi mace mai hoto, akwai su yanzu

Mai Hoto na Dilimi: Ko wa za ki ɗauka, kar ki tsaya kan guda goman da ya zaɓa ya sa a Instagram, ki ce ya nuna miki biki ɗaya cikakke daga safe har dare, a hotunan dare ake gane gwani. Ki tambaya ko kamararsa na ajiya a memori biyu lokaci ɗaya, da ko su biyu za su zo, don mutum ɗaya ba zai kasance a masallaci da ɗakin amarya a tare ba. Ku rubuta a takarda kafin adibas: hoto nawa, yaushe zai kawo, kar ya canza mata kalar fata wajen gyara, kuma ba zai ɗora ko ɗaya a intanet ba sai da izininku. Ɗakin da za a yi kwalliya a zaɓi mai taga babba a kwashe ledoji da akwatunan lefe daga bayanta.

Yayar Amarya: Na rubuta duka. Ga sabon tsari: kwalliya ɗaya da rabi, uku da rabi hoto da iyaye a gida, za a ɗauko Kaka daga Gangare tun safe, ana yin La'asar mu fita, Rayfield kafin biyar saura, Magariba a can, dina bakwai. Zan je da kaina ranar wata Asabar da yamma na auna minti nawa hanyar ke ci

Anti Mai Kwalliya: Ki mayar da kwalliyar ƙarfe ɗaya, alwala ta riga ta yi kafin a fara, kuma a ba ta abin sha da tsinken zuƙa saboda jambaki

Hajiya Uwar Biki: Kakar a sa mata kujera kusa da taga tun kafin amarya ta fito, kar a tsayar da ita.