'Yar tsana ko katun, wanne ne ainihin su Elmo ɗin?

Baban Ilham, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, don Allah kar wani ya ce na rasa aikin yi. Waɗanda suka taso da kallon Sesame Street a NTA, da ƙannenmu da suka tarar da na gida Najeriya wato Sesame Square mai su Kami da Zobi, ku matso kusa. Yarana sun maƙale wa wani shiri a waya, Mecha Builders, wanda ya fito 2022, an mayar da Elmo da Cookie Monster katun na kwamfuta, wai sun zama robot, su ƙara girma su zama ƙatti su kuma ƙanƙance. Ni dai wallahi ina kallo na ji ba su ba ne. Kalar tana nan, sunan yana nan, amma babu gashin nan buzu-buzu, babu ɗan karkata kan nan da 'yar tsana take yi in yaro yana mata magana. Da na kunna musu tsohon kuma sai babbar ta ce min wai Abba wannan ai safa ce aka manna wa ido. To tsufa ne ya fara kama ni ko kuwa da gaske akwai abin da yake ɓacewa in an mayar da 'yar tsana zane? Sannan da za a ce yau za a yi wa Gizo da Ƙoƙi shirin talabijin a nan Kano, wanne za ku zaɓa musu?

Tela Mai Keke, Fagge:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Ba tsufa ba ne, idonka ne ya ga gaskiya. Kuma ka gaya wa Ilham ba ta yi nisa da amsar ba, don shi kwaɗon nan Kermit, Jim Henson da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa ya ɗinka shi a 1955, idanun kuma ƙwallon tebur tanis ce ya raba gida biyu. Shi ke nan kayan aikin fa. Amma ka duba yadda fuskar take yamutsewa in ransa ya ɓaci, ba komai ba ne illa yatsun mutum a cikin ƙyalle, ya ɗan dunƙule su sai ka rantse kwaɗon nan kunya ce ta kama shi. Abin da ka ji babu a sabon ke nan, hannun mutum.

Ni sana'ata ɗinki ce shi ya sa abin yake burge ni ta wani ɓangaren da ku ba za ku kula ba. Ɗauki tsuntsun nan rawaya, Big Bird, tsawonsa ya haura ƙafa 8, mutum ne a ciki, hannunsa na dama a miƙe sama da kansa shi ne yake riƙe da kan tsuntsun yana buɗe baki, ba ya ganin waje sai ta wata 'yar ƙaramar talabijin da aka ɗaura masa a ƙirji, a haka zai yi tafiya ya yi waƙa ya sunkuya ya gaisa da yaro kuma kar ya taka kowa. Caroll Spinney ya yi wannan aikin tun daga 1969 da aka fara shirin har 2018. Kai ka ɗaga hannunka sama na minti biyar ka ji yadda kafaɗa take yi. Shi kuwa Cookie Monster mutum biyu ne suke haɗuwa a kansa, ɗaya kai da hannu guda, ɗayan ya riƙe ragowar hannun, kuma dole numfashinsu ya zo ɗaya in ba haka ba biskit ɗin ba zai isa baki ba.

Babban abin ma shi ne yaran da ake kawowa cikin shirin da gaske suna ganin abin a gabansu, suna taɓa shi, wani ya ja masa hanci, wani ya faɗi maganar da ba a shirya ba mai 'yar tsanar ya mayar masa nan take. A katun wa yaron zai ja wa hanci?

Ɗan Zane, Zoo Road:
Yaya Tela na gaishe ka amma gaskiya ka yi son kai hhhh. Kana magana kamar katun kwamfuta ce take haifarsa da kanta. Mu ma hannu ne fa. Sakan ɗaya na fim hoto 24 ne, ko da ka yi arha ka zana 12 ka maimaita kowanne sau biyu, lissafa minti ɗaya ka ga zane nawa ke nan, in kuma na kwamfuta ne sai ka gina jikin, ka saka masa ƙashi, ka motsa gira daban leɓe daban, sannan ka bar laftop tana ta nishi har asuba kana addu'ar kar a ɗauke wuta.

Kuma ku faɗi gaskiya, a cikinmu wa ya fi tunawa da su Elmo a kan Tom and Jerry? Tun 1940 ake yinsu, kusan ba sa magana, amma kakata da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci tana zama ta yi dariya har da hawaye. Wace 'yar tsana ce za a maka wa guduma ta baje ta koma faranti ta tashi ta ci gaba da gudu? 'Yar tsana galibi daga ƙugu zuwa sama ce, tana laɓe bayan katanga ko tebur saboda akwai ƙato a durƙushe a ƙasa. Shi kansa Henson ɗin ai yana raye kamfaninsa ya yi Muppet Babies na zane a 1984, don akwai labarin da ƙyalle ba zai iya ɗauka ba. Haka Yoda na fim ɗin Star Wars, 1980 'yar tsana ce a hannun Frank Oz, amma da aka zo 2002 ana so ya yi faɗa da takobi yana tsalle sai da aka koma kwamfuta.

Maganar Gizo kuwa ba ma sai an yi musu ba. Gizo zai haye rimi, ya shige tulu, ya hau bayan kura, ya gudu ya maƙale a silin, ƙafa takwas, mutum nawa za ka tara a ƙarƙashin tebur? Katun ne kawai. Kuma ana yi a ƙasar nan, ga Bino and Fino na Adamu Waziri nan daga Abuja, ba sai mun jira Amurka ba. Blender ma, manhajar yin katun, kyauta ake sauke ta, data kawai za ka ci.

Hajiya Babba, Yakasai:
Sannunku 'ya'yana. Jikata ce take karanta min tana rubuta abin da na faɗa. Kai mai zane, wa ya ce maka Gizo ƙafa takwas gare shi? Mu da aka yi mana tatsuniya a tsakar gida bayan sallar isha, fitilar ƙwai a gefe, ba wanda ya taɓa nuna mana hotonsa. Ni a raina wani siririn mutum ne mai ƙaton ciki da 'yar hula, ƙanwata kuma ta ce gizo-gizo ne sak, har faɗa muke yi a kai. Yana da mata, yana zuwa fada, yana noma ko in ce yana ƙaryar noma. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne, muryarsa, tsamin bakin nan, ya durƙusa gaban sarki ya ce yanka ya daɗe. In mai ba da labarin ba ta iya wannan ba to ba Gizo ba ne ko da zinare aka ƙera shi. Ku fara nemo mai muryar kafin ku yi rigimar jiki.

Sannan kar ku ɗauka Bature ne ya kawo mana wasan 'yar tsana. Akwai masu dabo-dabo, mutum ya lulluɓa da babbar riga ko zane, 'yan gumakansa su leƙo ta sama suna rawa suna faɗa da wata siririyar murya, yara a zagaye ana jefa kwabo. Mu mata kuma da kara muke haɗa tamu, mu yi mata kitso da zare, mu ɗaura mata ƙyallen da tela ya zubar, har biki muke mata da gara. In azumi ya kai goma kuma ga tashe, yaro ya manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho. Duk wannan da hannu ake yi kuma ba a biyan kuɗin data.

Abba Kurna:
Ku dai ku yi ta yi, ni Voltron ne gwanina. Ana daf da haɗa robot ɗin a ɗauke wuta, duk layinmu sai ka ji ihu lokaci ɗaya.

Malama Mai Nazire, Hotoro:
Hajiya Allah ya ƙara girma, kin tuna min abin da na gani a Binuwai lokacin bautar ƙasa. Tibi suna da wasan da suke kira Kwagh-hir, da dare ake yi, gumaka na itace da dodanni manya, masu motsa su a ɓoye, ga kiɗa ga mawaƙa, a 2019 ma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun da ake adanawa. Manya da gemunsu suke cika fili ba yara kaɗai ba.

Ni ajin 'yan shekara huɗu nake koyarwa, bari in faɗi abin da nake gani kullum. In na kunna musu katun shiru za ka ji, baki a buɗe, ko ƙiftawa ba sa yi, a kashe kuma ka tambaye su me aka ce sai 'yan kaɗan. Amma ina da wata tsohuwar safa ruwan toka da na ɗinka wa maɓalli biyu da jan harshe, sunanta Kande, in ta fito daga jaka ajin rikicewa yake, akwai wata yarinya da ba ta taɓa amsa min tambaya ba sai dai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, amma Kande tana tambayarta me ta ci da safe sai ga magana, koko da ƙosai, har da bayanin wanda ya siyo. Suna ganin hannuna ya shige ciki fa, suna ganin bakina yana motsi, bai dame su ba. Don haka ni a wajen koyarwa ina bayan Tela. Kami ma ai da gangan aka yi ta a matsayin yarinya mai ɗauke da cutar HIV, tun a shirin Afirka ta Kudu a 2002 kafin ta zo namu a 2011, don yara su ga ana rungumarta ana cin abinci da ita, kuma rungumar gaske a gaban kyamara ta fi shiga rai. Ga wani sauƙin kuma, bakin 'yar tsana buɗewa da rufewa kawai yake, shi ya sa da aka juya shirin zuwa Hausa, Dandalin Sesame, ba ka cika lura da cewa ɗora muryar aka yi ba.

Ɗan Zane, Zoo Road:
Malama na ji, amma Kande aji ɗaya take iya shiga a lokaci guda, katun kuma in na gama shi sau ɗaya wayoyi dubu za su ɗauka. Hajiya kuma na karɓi gyara a kan ƙafafun, sai dai in an ba shi biyu ma hawa rimin yana nan.

Tela Mai Keke, Fagge:
Ƙanina ita ma Kande in aka ɗauke ta a kyamara ai wayoyi dubun za ta shiga. Kuma ka manta ka faɗa wa mutane cewa masu Yodan naka da suka zo yin jaririn nan mai kama da shi a 2019 'yar tsana suka koma ƙerawa, da kwamfutocinsu da komai. Ga tayi, ni zan yanka soso in ɗinka Gizo, ƙafa biyu da hula kamar yadda Hajiya ta ce, yadin ma ina da ragowa daga Kwari, kai kuma ka zana rimin da dajin a bayansa, in an zo wajen tsalle sai ka karɓa. Saura mai murya. Baban Ilham a Gwammaja ba ku da wani mai tsamin baki?